Janar Ɗin Da Ka Sara Wa

Lanham, Maryland

Baba,

Gaisuwa mai yawa da ban girma. Na san ba kan sarkin da zai kai maka wannan takarda, ba kuma za ka karanta ta ba, amma bakina ya cika, kai kuma ka saba da surutuna.

Gida lafiya. Kaset ɗin Mama ya iso makon jiya. Ta ce citta ta yi kyau bana, ɗanka Yohanna kuma ya rufa wa ɗakin nan kwano, bayan shekara da shekaru kana masa faɗa. Jikarka Ladi ta kere ni tsawo. In na yi mata Hausa ta ji sarai, sai ta mayar mini da Turanci, ja'ira.

Ka tuna hoton da muka ɗauka lokacin da ka zo? A dandalin nan kusa da ofisoshin jakadanci, inda aka kafa gunkin wani janar bisa doki. Ka tambaye ni wane ne, na ce yana cikin waɗanda suka yi yaƙin 'yanta bayi. Kai, Baba! Sai ka gyara hula, ka haɗa dugadugai, ka ƙame ka sara masa, kai Samanjan yaƙin Bama, masu taksi na wucewa suna kallonka. Ka ce duk wanda ya yaƙi masu kama bayi ya ci gaisuwa ko da na tagulla ne, don kakarka a kan dutse ta girma saboda tsoron mahaya. Shi kaɗai ne hotonka da nake da shi kana tsaye da ƙarfinka.

To, rabin labari na ba ka. Ni ma sai bana na ji sauran.

Akwai wata nas da muke aiki tare, Loreta, 'yar ƙabilar Shayen, waɗanda kuke cewa Indiyawan daji a fim ɗin kaboyi. Wata rana bas ta bi da mu ta dandalin, na nuna mata janar ɗin ina wani fahariya. Ta kau da kai. Sai da muka sauka ta yi magana. Ashe bayan yaƙin bayi, yamma aka tura janarorin nan su kori mutanenta da maƙwabtansu, wata ƙabila da ake kira Su, kamar dai kalmar "su" ta Hausa. Da tsakiyar sanyi suke kai hari, lokacin da ba wurin gudu. A ƙone bukkoki da abinci, a harbe dawaki, a tasa ƙeyar mata da yara. Kakar mahaifinta tana yarinya a cikin ciyawar bakin rafi ta ɓuya ta tsira. Baba, ba labarin kakarka ke nan ba?

Ranar ko abinci ban iya ci ba don kunya. Ni na sa ka sara masa.

Ran Lahadi bayan sujada na gayyace ta cin tuwo. Kafin ta iso na sauke hoton daga bangon falo. Har almakashi na ɗauko in yanke janar in bar ka, sai na ga gwiwar hannunka ta shiga ƙafar dokin, in na yanka zan taɓa ka. Na tura shi ƙarƙashin gado.

Loreta ba a ɓoye mata abu. Ta ga ƙusa tsirara a bango, ta tambaya. Ka san ban iya ƙarya ba, kai ka ja mini. Na ɗauko shi, a raina ina cewa yau ko dai in rasa ƙawa ko in rasa hoto.

Ta daɗe tana kallo. Can ta ɗora babban yatsa ta rufe janar ɗin, ta ce in ba ta labarin wannan tsoho. Ta ce mahaifinta ma soja ne, a rundunar da ta kori kakanninsa, kuma haka yake ƙamewa, ƙirji gaba kamar zakara. Muka yi dariya har da hawaye. Ta tambayi sunanka, da garinmu, da abin da ya sa takalminka ke sheƙi haka. Tuwo ya huce muna hirarka. Tun da aka binne ka, ba wanda ya taɓa tambayata kai wane ne a ƙasar nan, sai ita.

Da hannunta ta mayar da hoton jikin ƙusa. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini: duk wanda ya tambayi janar ɗin, in faɗi labarin duka, gaba da baya. Na ɗauki alkawari.

Yanzu hankalina a kwance yake, Baba. Ba ka yi laifi ba, abin da aka gaya maka shi ka girmama. Da ka ji sauran, da ka ɗaga hannun kuwa? Ina jin da ka kai shi rabi, ka ja tsaki, ka ce mu tafi gida.

Ka sauke hannu haka nan, Samanja, ka huta. Sai mun sadu a gaban Ubangiji.

Taka har abada,
'yarka Saratu