Awo na Huɗu

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya idon? Allah ya sa aikin da likita zai yi maka mako mai zuwa ya zo da sauƙi. Mu nan lafiya lau. Jikarka ta fara tafiya, tana bin bango tana zubar mini da duk abin da hannunta ya kai.

Baba, zancen ba mai daɗi ba ne: ba zan samu zuwa ba. Na yi maka alkawari ni zan riƙe hannunka har ƙofar ɗakin tiyata, jakata ma tun makon jiya take a shirye bayan ƙofa. Amma ka saurara, don wallahi da hannunka a ciki.

An tsayar da masana'anta don dubawar shekara, aka ba ni tsohon tankin gas ɗin nan mai matsi, wanda ka yi shekara ashirin kana dubawa kafin ka yi ritaya. Ina buɗe fayil ɗinsa sai ga rubutunka, har da lambar bakwai ɗin nan taka mai ɗamara. A kowane wuya, inda bututu ya haɗu da jikin tanki, awo huɗu kake yi: sama, dama, hagu, ƙasa. Tun da ka tafi, uku ake rubutawa a wuyan da ke gindin tankin, domin na ƙasan sai mutum ya kwanta rigingine cikin laka kafin ya kai. Na tuna yadda kake faɗa har mu gaji, cewa ruwa a ƙasa yake kwanciya, nan kuma tsatsa take ci.

Na shimfiɗa kwali na kwanta, na kankare wurin, na shafa mai, na ɗora na'urar auna kauri. Lissafi ya ce kada wuyan ya gaza milimita shida da rabi. Sama tara, dama da hagu takwas da wani abu. Ƙasa kuwa, huɗu! Na ce na'urar ce ta haukace, na sake saita ta, na auna har sau biyar. Ko gezau.

Manaja ya ce ai uku cikin huɗu sun wuce, in sa hannu a tayar da tanki, a gyara baɗi, ni kuma in kama hanya. Baba, sai da na ɗauki biro. Ƙofar gidanmu kawai nake gani, da kujerarka, da rediyon nan naka mai tari. Sai na ɗaga kai na hango ma'aikata ta taga, sun baje a inuwar tankin suna cin abincin rana kamar kullum. Na ajiye biron. Yanzu sai an yanke wuyan, an yi waldar sabo, an gwada shi da ruwa, kuma ni zan tsaya a kai. Aikin mako uku ne, hutuna ya bi ruwa.

Na yi kuka a bayan ofis, ba zan ɓoye maka ba. Shekara biyu rabona da kai. Ina kewar muryarka, har faɗan naka nake kewa.

A gaishe mini da Inna, da Gwaggo, da Kawu mai shagon taya. Maigidana yana gaisuwa. Yaya, na san kai ke karanta masa, to ka riƙe masa hannu ranar, kada ka tsaya danna waya.

Baba, na sa kwafin takardar awon a ambulan. Kada ka bari kowa ya karanta maka ita. Ka ajiye, in an kwance bandeji ka duba da idonka. Layi na huɗu ya dawo.

'Yarka mai taurin kai irin naka,
Injiniyar Baba