Kwana Goma Ana Koya wa Malamin Gona Shuka

Zuwa ga Shugaban Cibiyar Shirya Ma'aikata Domin Sana'ar Bayan Ritaya.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina kuma yi maka barka da damina, ko da yake na lura labarin saukarta bai iso ofishinku ba tukuna.

Sunana Sada, mutumin Maska ta ƙasar Funtuwa. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin malamin gona, ina yawo a babur ƙauye-ƙauye da magana ɗaya a bakina: da ruwa ya zauna, a shuka masara. Bana na ajiye aiki. Albashi ya tsaya, fansho kuwa an ce fayil ɗina yana tafiya, da alama dai a ƙasa yake takawa. Gonata eka uku ita ce abincin gidana na bana, ba ni da wani. A kanta na rubuto.

Na ɗaya, lokaci. Da rani aka shirya yi mana horon kama sabuwar sana'a, lokacin da manomi ba shi da aikin da ya wuce hira a gindin mangwaro. Sai aka ɗaga, wai ana yi wa ɗakin taro fenti. Fentin nan bai tashi bushewa ba sai ranar da ƙasa ta jiƙe. Aka kira mu Malumfashi kwana goma, a dangwala yatsa da safe, a dangwala da la'asar. Wanda ya rasa dangwale ɗaya ba shi da takardar shaida, wanda ba shi da takarda fayil ɗinsa ba zai motsa ba. To wa zai yi wasa?

Na biyu, layin huɗa. Wataƙila a cibiyarku ba a san shi ba. Mu da ba mu da shanu, tun kafin ruwa muke kama layi wajen mai garma. Ni na kama wajen Malam Iro, ya ba ni Talata da Laraba. Ka'idar ita ce mai gona ya tsaya a gonarsa, in ba ya nan shanu su wuce gaba, shi kuma ya koma ƙarshen layi. Na roƙi jami'inku ya ba ni kwana biyun nan kacal. Ya amsa mini da fara'a cewa gona ba ta gudu. Gaskiyarsa, gonar tana nan inda na bar ta. Iro ne ya wuce da shanunsa.

Na uku, darasin kansa. Fom ɗinku ya tambayi sana'ar da nake so in koma, na rubuta noma, na zaci za a ce to Allah ya ba da sa'a. Ashe kaina na kai ƙara! Aka tura ni ajin masu koyon noma. Aka kawo mana ƙwararre daga Abuja, mutumin kirki wallahi, mai ladabi da tafin hannu kamar auduga. Ya haska mana masara a majigi, ya ce mu kalle ta da kyau. Muka kalle ta. Ya raba mana ƙasida, na duba, sai na ga irin wadda na shekara ashirin ina rabawa ce, har da kuskuren da ke shafi na huɗu. Ranar Talatar da Iro ya je ya tarar ba na nan, darasinmu shi ne muhimmancin yin shuka a kan kari. Ruwa na dukan kwano har ba a jin malamin sosai, ni kuwa ina zaune ina rubutawa.

Ban samu huɗa ba sai bayan mako uku. Da safen da na fita shuka, masarar maƙwabcina Mati ta kai gwiwa. Wannan Matin, ranka ya daɗe, sau uku ina tsayar da shi gaban jama'a a matsayin misalin manomi mai lattin shuka. Ya zo ya tsaya a bakin gonata. Na so ya yi dariya, don da na san yadda zan rama. Bai yi ba. Ya koma gida ya ɗebo mini tiya biyu ta irin masara mai saurin nuna, wanda ni da kaina na kawo masa shekarun baya yana gardama. Ya ba ni shawara in shuka wannan ko na tsira da wani abu. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Na karɓa na yi godiya, amma ban iya ɗaga ido na dube shi ba.

Takardar shaidar kam ta fito, da hatimi ruwan zinariya, tana cewa yanzu na iya noma. Uwargida ta juya ta gaba da baya, ta nemi sanin ko ana kai irinta inji a niƙo.

Roƙona kaɗan ne. Ku mayar da horon nan rani, ko da a ɗaki marar fenti ne. Ku riƙa tambayar mutum abin da ya iya kafin ku zaunar da shi. Ku kuma raba fayil ɗin fansho da dangwale, don tsoho mai jiran haƙƙinsa ba ɗan firamare ba ne. Na ji rukuni na gaba akwai malaman dabbobi. Don Allah kada a haska musu akuya.

Ba na neman diyya, damina ba ta dawowa. Idan kaka ta yi dai ina gayyatarka Maska, ka zo mu auna abin da ɗalibinku ya noma, ka ga ko zai kai gidan mutum tara watan azumi.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kai ka ranar taka ritayar, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. In ranar ta zo, Allah ya haɗa ka da maƙwabci irin Mati.

Wassalam.

Sada, tsohon malamin gona, sabon ɗalibin noma, Maska.