Alhaji Muhtari Ya Riga Kaka Tafiya

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Mai Duka, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Dillalan Hatsi ta Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi ta karɓi labarin rasuwar ubanta, tsohon shugabanta, kuma Garkuwan Dillalai, Alhaji Muhtari Hamisu Jangeru, wanda Allah ya yi wa cikawa a rumfarsa ta kasuwar Kaura, sakamakon fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ƙungiya na shaida wa duniya cewa marigayi ya bar mana ilimin da ko foliteknik ɗin garin nan ba ta da sashensa, wato kada mutum ya taɓa sallamawa a tayin farko. A zamanin shugabancinsa baƙo ya daina tsoron mudunmu, direba ya daina kwana yana jiran lodi, kuma rigimar da ta gagari kowa a gabansa take mutuwa, domin yakan bar masu ita su jira har su manta abin da ya haɗa su. Shi ne ya taɓa riƙe dawa a sito yana jiran farashi ya tashi, har ƙwarin da ke ciki suka ga jikokinsu. Farashin kuma ya tashi. Tun daga ranar babu wanda ya sake iya ce masa ya yi sauri.

Da wannan ilimi ya je babban asibiti a Sakkwato bara, lokacin da ciwon kai ya hana shi sakat. Likitar da ta ɗauki hoton kansa ta yi masa bayani da harshen da dillali ke ji: bangon wata jijiya ya yi laushi ya kumbura, tamkar buhun da ɗinkinsa ya saki, kuma gyara tun bai yage ba ya fi sauƙi. Ta ba shi zaɓi biyu. Ko a buɗe ƙoƙon kai a matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, ko a zura siririn bututu ta jijiyar cinya har kai a cike wurin da lallausar waya. Ba ta ɓoye masa cewa kowanne na da haɗarinsa ba, sai dai ta ce zama ya fi su haɗari. Marigayi, Allah shi jiƙan shi, ya ƙi na farko bisa hujjar cewa kan da ko uwargidansa ba ta san farashin da ke cikinsa ba, ba za a buɗe shi gaban ɗalibai masu koyon likitanci ba. Ya ƙi na biyu domin bai taɓa ganin mai zuwa Shinkafi daga Kaura ya bi ta Legas ba. Sai ya ce mata albarka, ya gyara hula, ya fita a hankali kamar yadda ake barin rumfa, ya tsaya bakin ƙofa yana jiran a kira shi da tayi na uku. An kira shi kuwa, har ta waya, ba sau ɗaya ba. Tayin ne bai canza ba. Ya ce a bari sai bayan kaka.

A nan wajibi ne ƙungiya ta miƙa godiya ta musamman ga manyan masana da suka ƙarfafa masa gwiwa: wanda ya zo da wanzami aka yi ƙaho a ƙeya, da wanda ya tsallaka iyaka ya kawo hayaƙin da ya kori sauron unguwa kaf ya bar kumburin, da dattijon Zurmi da ya san wani, wanda ya san wani, da aka yi wa aikin kai ya farka bai gane matarsa ba. Muna farin cikin sanar da jama'a cewa dukansu sun halarci jana'iza cikin ƙoshin lafiya.

Mun yi imani babu mai wuce ranarsa. Amma wanda ya umarce mu da dogaro, shi ya umarce mu da neman magani.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga uwargida Hajiya Balaraba, da ɗiyan marigayi, da ƙaninsa Malam Kamilu Hamisu, tare da roƙon Allah shi ba su juriya, shi sa Aljanna ce makomarsa. Game da Malam Kamilu kuwa akwai magana, kuma da izninsa muke yin ta. Da yake abin kan bi jini a wasu gidaje, shi ma an ɗauki hoton kansa, an ga irin wannan kumburi, an sa masa ranar aiki makon gobe. Sai ga shi a wurin zaman makoki mun lura masanan nan sun ja tabarmarsu kusa da tasa, ana ta raɗe-raɗin a bari a yi sadakar arba'in tukuna, daga nan kuma ai kaka ta kusa.

Don haka ƙungiya ta tanadi mota da direba, ta ɗauki nauyin tsaron rumfarsa har ya dawo, kuma a karon farko a tarihinta ta haramta dillanci a wata harka: wannan ciniki tsakanin Malam Kamilu ne da likitarsa. Gida ɗaya bai kamata ya shimfiɗa tabarmar makoki sau biyu kafin a yanke gero ba.

Ga masu shawarar a jira kuwa, da yake dukanmu 'yan kasuwa ne, tambaya ɗaya gare mu: a cikinku wa ya taɓa ɗora buhunsa mai sakakken ɗinki a mota, ya bi hanyar Zurmi da shi, ya ce sai bayan kaka zai nemi basilla?

Sa hannu:
Jabir Hassan Kaura
Sakataren Yaɗa Labarai,
Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Dillalan Hatsi ta Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi