A Sauke Ɗana Daga Kan Buhunan Masara

Zuwa ga mai girma shugaban da aka damƙa wa harkar sufuri,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni uwa ce daga Yankara, kuma ba yabo ya kawo ni ba.

Na farko, ranka ya daɗe, ka san yadda hatsinmu ke zuwa Kudu? Ɗana Sama'ila fataucin masara yake yi, da shi yake ciyar da iyalinsa. Mai kaya ba ya sakin kayansa, in ya saki sai a sauke a ga buhu ya yi ƙafa. Gaban mota kuwa na direba ne da mutanensa. Saboda haka a kan lodi suke zama, su ɗaure ƙugu da igiyar tamfol kada gyangyaɗi ya jefo su. Bara tirelarsu ta kauce wa rami ta kwanta. Igiyar ta hana abokin tafiyarsa tsalle. Sama'ila ya dawo da karayar hannu, da gawar ɗan mutane.

Tun ranar na hana shi hawa lodi, kuma bai ƙetare maganata ba. Amma ina ganin yadda tukunyar gidansa ke raguwa, na kasa zaune na kasa tsaye.

Na biyu, a zamanin da, mahaifina gyaɗa yake kaiwa tashar jirgin ƙasa a Funtuwa. A auna, a loda a tarago, ya dawo gida ya ci tuwonsa. Bai taɓa kwana a kan buhu ba. Layin dogon bai tashi ya gudu ba, sakaci ne ya kwantar da shi. Muna ta jin za a ware kuɗi a mayar da kaya kan dogo. Alƙawari kaya ne, kuma wanda aka ba amana za a tambaye shi ranar da babu mai rakiya.

Roƙona, a gyara layin, a sa taragon hatsi, a rage kuɗin dako yadda ƙaramin ɗan kasuwa daga Ƙanƙara ko Sabuwa zai iya biya.

Masara ta fara bushewa a gona. Kwanan nan Sama'ila zai zo ya durƙusa ya nemi izinin tafiya. In na hana, jikokina su kwana da yunwa. In na bari, ni na ɗora shi. Ka gaya mini wanne zan zaɓa.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka sauke nauyin nan tun kana da iko.

Wassalam.

Uwar Sama'ila, Yankara.