Ƙwallo Casa'in da Bakwai

Baba,

Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, da Inna da ƙannena. Yaya bayan naka? Ni lafiya lau, sai dai ɗakin da nake zaune ya cika shiru.

Baba, na yi katoɓara. Mai Hagu, wanda muke sauraron wasansa a rediyonka ina ƙarami, shi ne kocin kulob ɗin da ya ɗauke ni gwajin aikin tattara alƙaluman wasa. Ranar Talata ya ce wa 'yan wasa ƙwallo ɗari ya ci kafin gwiwa ta ajiye shi. Bakina ya suɓuce na ce, "Casa'in da bakwai ne, Koci."

Saura kwana tara gwajina ya ƙare, ga shi ya kira ni ofis. Na gaya masa yadda kake rubuta kowace ƙwallonsa a littafinka mai jan bango, ni ina riƙe da eriya. Sai ya ce, "Har ta ranar ruwan sama ya rubuta?"

Na ce tana shafi na huɗu. Ya ce sai ya ga littafin zai sa hannu a takardar ɗaukata aiki.

Don Allah a naɗe shi a leda a aiko. Allah ya ƙara lafiya.

Ɗanka.