Yaron da Ya Juya Baya

Daren Laraba, watan Rajab, Matamaye

Yau ma sojoji ba su kawo dawar taimako ba, rijiyarmu kuma sai laka. Ɗiyata Hadiza ta aro littafi a lakwal, makarantarsu ta boko, mai zanen yara suna wanka a kogi. Na ce ta mayar gobe, hoton abu mai rai ba ya zama inda nake salla.

Sai ta ɗora yatsa kan wani yaro. "Inna, ga Sani. Ashe can ya tafi, ya samu ruwa."

Bara war haka muka binne ƙanen nata.

Da ta yi barci na matso da fitila. Yaron ya juya baya, amma kunnensa na hagu a lanƙwashe yake, irin na Sani.

Kayan aro ne, na sani. Allah ka gafarta mini, ba zan mayar ba.