Saƙon Gwajin da Ya Taso Shanun Wurma

Dutsin-Ma, Laraba

Yaya Sabitu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya mutan gida? Wayarka a kashe take kwana biyar, shi ya sa na ba direban Kurfi wannan takarda.

Ka dai ji abin da ya faru. Saƙon gwajin da na tura ranar Alhamis ya faɗa wayoyin makiyayan ƙungiyarmu gaba ɗaya, wai a kawo shanu Kurfi rigakafi. Mutane suka koro dabbobi tun daga Wurma, suka iske ba likita ba allura. Alhaji Munzali, shugaban ƙungiya, ya dakatar da ni, ranar Litinin kwamiti zai yanke ko in zauna ko in tafi.

Kai ne shugabana a wurin aiki, kai ka koya mini cewa duk saitin saba, wato kwamfutar da ke tura saƙonnin, a fayil ake rubuta shi, ta gwaji daban, ta aiki daban, ba a taɓa komai da hannu. Na karanta fayil ɗina har idona ya yi ja, lambobin waya na ƙarya ya ce a yi amfani da su. Amma da na leƙa cikin sabar gwajin, haɗe da rajistar makiyaya ta gaske na same ta. Mu biyu ke da mabuɗinta. Ban faɗa wa kowa ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Batula

Wurma, Jumma'a

Batula,

Wa alaikumus salam. Sau uku ina fara wannan wasiƙa ina yagawa.

Ni ne. Watan jiya Alhaji ya matsa yana son ganin sunayen gaske a allo, baƙi na zaune. Na ga gyara fayil da jiran ki duba zai ɗau lokaci, sai na shiga sabar na juya layi ɗaya da hannu, da niyyar in mayar bayan la'asar. Na manta. Ni da nake yi miki faɗa ko waƙafi kika canza ba a rubuce ba, ga shi gwano ya kasa jin warin jikinsa.

Abin da ya fi ci mini rai, Baffana na cikin waɗanda suka yi tafiyar. Saniyarsa mai ciki ta yi ɓari a hanyar dawowa. Kullum in mun zauna cin tuwo sai ya ambaci "yarinyar nan ta kwamfuta" ya yi Allah ya isa, ni kuwa in sunkuyar da kai in ci gaba da kai loma. Wallahi kunyar kaina nake ji.

Ki nuna wa kwamiti abin da kika gani. Ki yafe ni.

Sabitu

Dutsin-Ma, Asabar

Yaya,

Na yafe. Amma ba abin da zan nuna, gyaran hannu ba ya barin suna. In na faɗa, cewa za a yi na ga uwar bari na shafa wa maigidana na wurin aiki. Na sake gina sabar daga fayil, ta koma daidai, da haka shaidar ma ta tafi. Bakinka kawai ya rage.

Batula

Kurfi, Lahadi

Batula,

Sallama da gaisuwa. Na samu Alhaji a gida na faɗa masa komai, ya ce ki koma aiki gobe, nawa kuma sai abin da kwamiti ya gani.

Baffa na gaya wa da safe wajen tatsa. Bai ɗago ya dube ni ba. Da ya gama sai ya tambayi unguwarku, ya ce bakin da ya ja miki Allah ya isa shi zai je ya roƙe ki. Ni zan ɗauko shi a babur, ranar Laraba in Allah ya kai mu.

Sabitu